Ƙidayar Ambato da Aikin Mai Binciken Lafiya

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce, autarmu, wadda ke koyar da ilimin ƙwayoyin cuta a wata jami'a, ta zo gida da kwamfutarta tana haɗa takardun neman ƙarin girma. Bayan la'asar muka zauna a inuwar bedin da ke tsakar gidanmu a Ƙofar Ƙaura a Katsina, ta buɗe shafinta na Google Scholar, inda ake jera maƙalun masu bincike, ta sa yatsa a kan wata lamba da ke gefen dama. Ta ce, "Yaya, kai da ka daɗe a harkar ɗakin karatu, dubi nan. Ma'aunina shida ne, wanda muka kama aiki rana ɗaya da shi kuma nasa ya haura ashirin. Ke nan aikina bai kai sulusin nasa ba?" Na ce mata, "Auta, bari mu fara sanin abin da aka ƙidaya tukuna."

Abin da ake ƙidayawa shi ne ambato, wato duk lokacin da wani mai bincike ya rubuta maƙala ya kafa hujja da maƙalar wani, ya sa sunanta a jerin madogararsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a garin Ɗan Marna da Ɗan Masani, inda malami ba ya yanke magana sai ya faɗi littafin da ya ciro ta da wanda ya karantar da shi. Abin da Eugene Garfield ya kawo a maƙalarsa ta 1955 a mujallar Science shi ne juya tambayar: maimakon a duba waɗanda maƙala ta ambata, sai a duba waɗanda suka ambace ta daga baya. Ya ɗauko dabarar ne daga kundin da lauyoyin Amurka ke amfani da shi don gano ko an ci gaba da kafa hujja da wani hukunci, kuma a 1964 cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fitar da kundin ambato na kimiyya. Manufarsa ta farko ita ce sauƙaƙa neman rubuce-rubuce. Hatta ma'aunin tasirin mujalla, wanda ake samu ta hanyar raba ambaton shekara guda da yawan maƙalun da mujallar ta buga a shekaru biyun da suka gabata, an yi shi ne don zaɓen mujallu, kuma mu ma'aikatan ɗakin karatu muka riƙa amfani da shi wajen sanin wadda za a saya idan kuɗi sun yi kaɗan.

Lambar da autarmu ta nuna kuwa, wadda ake kira ma'aunin h, wani masanin kimiyyar fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ta a 2005. Shida na nufin tana da maƙalu shida waɗanda aka ambaci kowace ɗayansu aƙalla sau shida. Da za a ambaci babbar maƙalarta sau dubu gobe, lambar ba za ta motsa ba sai ta samu maƙalu bakwai masu ambato aƙalla bakwai kowace. Kuma lambar ba ta raguwa, ko da mutum ya ajiye aiki ya koma gona.

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Ta ɗaya ita ce wadda Oliver Lowry da abokan aikinsa suka buga a 1951 kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, mai ambato sama da 300,000. Ta biyu da ta uku, na Laemmli a 1970 da na Bradford a 1976, su ma hanyoyin aikin ɗakin gwaji ne. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar ƙwayar halitta ta DNA, ba ta ma shiga jerin ba. Dalilin a fili yake: duk wanda ya auna furotin dole ya faɗi hanyar da ya bi, amma abin da ya riga ya shiga littafin 'yan sakandare ba wanda ke wahalar kawo masa madogara. Ambato dai yana nuna yawan masu rubuta maƙala da suka buƙaci aikinka a daidai lokacin da suke rubuta nasu. Wannan shaida ce mai amfani, amma shaida ce a kan abu ɗaya tak.

Ba sai mun je nesa ba don ganin abin da shaidar ke tsallakewa. A bayan garin nan akwai asibitin Babbar Ruga, wanda a da aka san shi da jinyar kuturta, yanzu kuma ya zama cibiyar ƙasa ta kula da masu yoyon fitsari. Dakta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo can a farkon shekarun 1980 don aikin kuturta, sai ya tarar da mata da doguwar naƙuda ta huda musu mafitsara, da yawansu mazajensu sun rabu da su, ya koma ɗinke su. Ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa daga Najeriya da wasu ƙasashe. Ya kuma yi rubutu: a 1995 ya buga tsarin rarraba nau'o'in yoyon bisa ga wurin da ramin yake, tsarin da har yanzu ake kira da sunansa, sannan a 2004 ya buga sakamakon sanya robar fitsari da wuri da yin ɗinki ba tare da jiran watanni ukun da aka saba jira ba. Wanda zai yi amfani da wannan ilimi likita ne ko ungozoma a Funtua ko Daura ko Maraɗi, kuma idan ya yi amfani da shi mace ta warke ta koma ɗakinta, babu maƙalar da za ta biyo baya balle a samu ambato. Masu bincike a kan yoyon fitsari a duniya 'yan kaɗan ne, domin lalurar ta kusa ɓacewa a ƙasashen da ke da kuɗin bincike, alhali masu bincike a kan sankarar mama ko ciwon suga ba su ƙidayuwa. Idan aka jera lambar mai aiki a wannan fage da ta mai aiki a wancan, girman kasuwannin biyu aka gwada, kamar a gwada cinikin mai tebur a ƙauye da na mai shago a babbar kasuwar Katsina a ce ɗaya ya fi ɗaya iya ciniki.

Irin wannan ne ya faru da Tu Youyou, masaniyar ƙasar Sin da ta jagoranci ciro sinadarin atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970. Rahotannin farko sun fito da Sinanci kuma da sunan ƙungiya, ba da sunanta ba. Sai a 2015 ta samu lambar yabo ta Nobel, alhali maganin zazzaɓin cizon sauron da muke saye a kemis daga aikinta ya samo asali.

Akwai kuma batun wanda ke yin ƙidayar. Scopus da Web of Science, manyan rumbunan ƙidayar ambato, suna zaɓen mujallun da za su shigar, kuma da yawan mujallun jami'o'inmu da na ƙungiyoyin likitocinmu, waɗanda ake samu a rumbun AJOL na mujallun Afirka, ba sa ciki, don haka ambaton da ya fito daga gare su tamkar ba a yi shi ba. Google Scholar kuwa ya fi kowa kwashe-kwashe, ba ya tacewa sosai. Mutum ɗaya zai iya samun lambobi uku mabambanta a rana ɗaya. Shiga manyan mujallu ma ba hazaƙa kaɗai yake buƙata ba: lokacin da Nature ta fara buga maƙala a buɗe ga kowa a 2021, kuɗin da ta sa shi ne Yuro 9,500, wanda malamin jami'a a nan zai daɗe yana lissafin albashin watanni nawa ke nan.

Da zarar an ɗaura ƙarin girma a kan lamba, sai a fara yi wa lambar dabara. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi, ya sa masa suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalun banza kusan ɗari masu ambaton juna, sai ga shi da ma'aunin h na 94 a Google Scholar. Abin da ya fi yawa a zahiri bai kai wannan ba: "ka ambace ni, in ambace ka" tsakanin abokai, da yanka bincike ɗaya gida uku, da shiga manyan rahotanni masu marubuta ɗaruruwa inda kowa ke kwasar ambaton gaba ɗaya ko da layi biyu ya duba. Ƙidayar ba ta kuma bambanta yabo da suka. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga, an tabbatar da cewa ƙarya ce, an janye ta a 2010, an kuma soke masa lasisin aikin likita, amma ta tara ambato mai yawa, galibi daga masu ƙaryata ta. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa yawan masu ruwaya ba ya wadatarwa sai an duba kowane ɗayansu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a watsar da lambobin. Na ga zamanin da ƙarin girma ya dogara ga wanda ka sani da wanda ka gaida, kuma lamba, duk da gurguntakarta, ba ta san ɗan gidan wane ba. Sanarwar San Faransisko da masanan ƙwayoyin halitta suka tsara a 2012 ta nemi a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki, ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga a 2015 kuma suka ce lamba ta taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fito da ma'aunin da ke gwada kowace maƙala da takwarorinta na fage ɗaya, inda 1.0 ke nufin matsakaiciyar maƙalar da hukumar ta ɗauki nauyi, ana kuma duba shi kyauta a shafin iCite, sai dai maƙalun da ke rumbun binciken lafiya na PubMed kawai yake gani. Matsalarmu ita ce karanta maƙala goma yana cin mako guda, duba lamba kuwa minti ɗaya ne, kuma 'yan kwamiti ma mutane ne masu aji da jarrabawa a gabansu.

Abin da muka yi da autarmu har aka kira magariba shi ne bin ambatonta ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sunanta ne kawai a cikin jerin wasu biyar ko shida a gabatarwa, alamar mai rubutun bai wuce taƙaitawar ba. Biyu sun ɗauki hanyarta sun maimaita a wata jiha, waɗannan na ce ta ja musu layi. Maƙalar da ta fi ba ta wahala, wadda ta yi damina biyu tana zagaya ƙananan asibitocin karkara tana gwada sakamakon tsinken gwajin zazzaɓi da na madubin ɗakin gwaji, ambatonta uku ne kacal, amma ta ce ma'aikatan wuraren sun canza yadda suke ajiye tsinken saboda zafi bayan ta kai musu sakamakon. Na ce, "Auta, ki rubuta wannan a shafi ɗaya, ki nemi shugabannin asibitocin su sa hannu, ki haɗa da takardunki." Ta ce fom ɗin ba shi da gurbin irin wannan. Na ce ta maƙala shi a baya da abin maƙala takarda, ta kuma rubuta shidan a inda aka nema.