Talata: suna ɗaya, layi biyu

Jiya kasuwa ta ci, farashin wake da riɗi ya motsa, shi ya sa tun da yamma Alhaji ya bar mini sallahu cewa sabon farashi ya isa hannun duk masu sayen kayanmu kafin azahar. Na iso ofis da wuri, na tarar yarinyar da ke koyon aiki a wajenmu ta riga ni, har ta share ta kunna kwamfuta. Na rubuta takardar farashin, na ce mata ta buɗe Outlook, manhajar da muke aika imel da ita, ta zaɓo sunayen mutanen Kano da Katsina da Yamai da Damagaram, ni kuma na shiga lissafin buhunan da aka sauke daga Tasawa.

Ba a jima ba sai na ji ta ce, "Yaya, zo ki gani, littafin adireshin nan duk ya rikice."

Na jawo kujera. Gaskiyarta, abin da ido ya gani ke nan. Sunan wani dillalinmu na kasuwar Dawanau ya fito sau biyu, ɗaya bisa ɗaya, harafi bai bambanta ba. Mai fitar mana da kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome ya fito sau uku. Wasu kuwa sau ɗaya tak, lafiya lau. Ta ce ta ɗauka an shigar da su ne sau biyu, don haka ta fara gyarawa, ta goge layi guda daga sunayen mutum biyu. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne da ta goge ɗaya, sai ɗayan ma ya ɓace. Muryarta har rawa take yi. Na ce ta kwantar da hankalinta, ba abin da ya salwanta. Muka shiga jakar abubuwan da aka goge, ga katunan nan biyu a kwance, muka mayar da su wurinsu.

Daga nan na nuna mata abin da ke faruwa, don na fi so ta gani da idonta a kan in faɗa mata kawai. Muka buɗe jakar katunan mutane: dillalin Dawanau katinsa ɗaya ne. Muka koma littafin adireshi, inda ake zaɓen suna in za a aika saƙo, na ja bakin layin da linzami na faɗaɗa shi. Sai ga abin da ya ɓuya a gefe ya fito. A layi na farko adireshin imel ne. A layi na biyu, bayan sunan, an rubuta «Télécopie», wato faks da Faransanci, ga kuma lambar faks a gabansa.

Dalilin ke nan. Outlook ba mutane yake ƙirgawa a wannan littafin ba, hanyoyin da saƙo zai bi ya isa ga mutum yake jerawa. A wajensa lambar faks adireshi ce kamar imel. Kati ɗaya yana da gurbin imel uku da gurbin faks uku, na ofis da na gida da na daban, saboda haka mutum ɗaya yana iya fitowa har sau shida idan an cike masa duka. Kamar gida ne mai ƙofa biyu, ta gaba da ta baya: mai gidan ɗaya ne, an dai rubuta kowace ƙofa daban. To tunda layukan duk a kati ɗaya suke rataye, wanda ya goge layi ya goge katin.

Abin ba shirme ba ne daga asali, ina ganin ya kamata a yi wa masu shi wannan adalcin. Outlook ya fito a 1997, lokacin da faks ke tashe a kowane ofis, kuma tun a Windows 95 akwai hanyar aika faks kai tsaye daga kwamfuta idan an haɗa ta da layin tarho. A wancan zamani, ganin lambar faks kusa da imel sauƙi ne: ka rubuta saƙo ɗaya, mai imel ya samu ta imel, mai faks ya samu a takarda. Abin da ke damuna shi ne zamani ya wuce amma ba a sa ko ɗan maɓalli guda da mutum zai danna ya ce a ɓoye masa lambobin faks ba. Kwamfutar ofishinmu ba a haɗe take da kowane layin faks ba. Idan yarinyar nan ta zaɓi layi na biyu bisa kuskure, saƙon ba zai isa ba. Alhaji zai zauna yana jiran amsa daga Kano, mutumin Kano kuma bai ga komai ba, ya je ya saya a hannun wani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a sana'ar da farashin safe ba shi ne na yamma ba.

Muka aika farashin tukuna, muna duba kowane layi kafin mu danna. Ya fita da sauran lokaci.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Alhaji ya shigo, na gaishe shi, na faɗa masa abin da muka gani. Ya ɗan leƙa allon ya ce, "Malama, wa ke aika faks yanzu? Kowa yana WhatsApp. Ku goge su gaba ɗaya ku huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar su. Akwai hanyar da za su daina fitowa ba tare da an goge ba."

Ya ce amfanin me za su yi mana. Na ce har yanzu takardun wasu bankuna da ma'aikatu da kamfanonin sufuri suna zuwa mana da akwatin gidan waya da lambar tarho da ta faks a ƙasan shafi, ranar da wani zai ce sai ta faks, ba ma so mu fara neman lamba. Na kuma tuna masa cewa wasu daga cikin tsofaffin abokan cinikinsa layi ɗaya suke amfani da shi, shi ne tarho shi ne faks, kuma a wasu katunan a gurbin faks kaɗai aka rubuta shi. In an goge, an goge lambar gidan mutum ke nan. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in yi yadda na ga ya dace, amma kada wani suna ya ɓace. Na ce in sha Allah.

Gaskiya akwai abin da ban faɗa masa ba. Lambobin nan, musamman na nan Maraɗi masu farawa da 20 41, daga ƙananan katuna aka kwafe su ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, tun kafin in zo wannan ofis. Wasu masu su sun rasu, ƴaƴansu ke riƙe da shagunan. Ban ga dalilin da zan share wahalar wani a cikin minti biyar don kawai manhaja ta ƙi gyara halinta ba. Na'urar faks ɗinmu tana nan a ɗakin ajiya bisa kabad, an rufe ta da tsumma. A cikin fayil ɗin da ke kusa da ita akwai takardun da ta karɓa, irin masu santsin nan da ake naɗewa, rubutunsu ya koɗe har sai an ɗaga su a haske ake gane sa hannu. Takardun sun riga sun tafi, ko lambobin su tsira.

Bayan azahar muka zauna gyara. Kafin mu taɓa komai na fitar da kwafin katunan duka na ajiye a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB. Hanya biyu ce na sani. Ta farko, a sa harafi a gaban lambar faks, misali F, sai lambar ta biyo baya. Da zarar Outlook ya ga harafi a farko, ba ya ɗaukarta a matsayin lambar da za a aika wa saƙo, sai layin ya fita daga littafin adireshi, lambar kuma tana nan a katin, mutum yana karanta ta. Ta biyu, a cire lambar daga gurbin faks a mayar da ita cikin filin bayani na ƙasan katin. Na zaɓi ta farko ga yawancinsu don ta fi sauri: na sauya yanayin kallon katunan zuwa jerin lambobin waya, na danna kan layin faks ya tattaro masu shi wuri ɗaya, yarinyar tana karantowa ina sa harafin. Ga waɗanda layinsu ɗaya ne kuwa, na mayar da lambar gurbin tarhon ofis, saboda katunan nan suna sauka a salular Alhaji, kuma lamba mai harafi a gaba ba za ta kiru yadda ya kamata ba.

Muna tsaka da haka aka ɗauke wuta. Muka ci dambu da zogale muna jiran a tayar da janareto, ta yi ta tambayata yadda ake aika faks a da, don ita ba ta taɓa jin ƙarar nan tasa ba. Na ji daɗin tambayoyinta. Yarinya ce mai lura, ita ta fara gano cewa mutumin Lome imel biyu gare shi, don haka ko bayan gyara sau biyu zai ci gaba da fitowa, kuma hakan daidai ne.

Kafin la'asar mun gama. Na rufe Outlook na sake buɗewa, muka bi littafin daga sama har ƙasa, babu sauran layin faks. Abu ɗaya ya rage: sunayen da ke faɗowa da kansu idan an fara rubuta harafin farko a gurbin wanda za a aika wa. Wannan jerin daban Outlook yake ajiye shi, gyaran kati ba ya taɓa shi, kuma na ga layin faks na mutum biyu a ciki. Gobe da safe zan cire su, sannan in zauna da ita ta shigar da katunan sababbin dillalan Jibiya da hannunta, ina kallo.