Grisham a kan kantar shagona

Kayan sana'armu daga Legas suke zuwa cikin kwali, kuma ba ka sanin abin da ka saya sai ka yanke igiya. Littattafan Turanci ne na gwanjo, waɗanda aka gama karantawa a Amurka da Ingila, wasu har da hatimin laburaren da suka fito. Ranar da kaya suka sauka, ni da yaron shagona mukan zauna mu ware. Masu lafiya su hau kanta, waɗanda bangonsu ya yage a sa musu gam da salatif, waɗanda ruwa ya taɓa a baza su a tabarma a bakin ƙofa. Da wuya ka buɗe kwali ba ka ci karo da littafin John Grisham, marubucin Amurka mai labaran lauyoyi da kotu, ba. A Zariya nake, kuma ɗaliban shari'a na harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello su ne manyan abokan cinikina, don haka sunan nan ya daɗe yana biya mini kuɗin haya.

Shi ya sa abin da zan faɗa yake yi mini nauyi. Littattafansa na baya-bayan nan ba sa ƙosar da ni, kuma ba sa ƙosar da masu saye.

Wanda ya fara da A Time to Kill zai gane nufina. A da Grisham lauya ne a wani ƙaramin gari, Southaven, a jihar Mississippi, ya kuma zauna a majalisar dokokin jihar. A 1984 ya ji wata yarinya tana ba da shaida a kotu kan fyaɗen da aka yi mata, sai ya fara tunanin abin da zai faru da uban ya ɗauki fansa da hannunsa. Shekara uku yana tashi da asuba yana rubutu kafin ya tafi ofis. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, sai a 1989 wani ƙaramin kamfani ya buga kwafi 5,000. A cikin labarin, Carl Lee Hailey, baƙar fata, ya harbe fararen fata biyu da suka lalata 'yarsa mai shekara goma, matashin lauya Jake Brigance ya tsaya masa. Kana karantawa kana jin zafin garin, kana jin tsoron lauyan da ba shi da kuɗi, kana kuma tambayar kanka hukuncin da kai za ka yanke. Ɗalibanmu suna son wurin zaɓen mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci, domin kotunanmu ba su da wannan tsari, a nan suke fara ganin yadda yake aiki.

The Rainmaker na 1995 ma haka. Sabon lauya, Rudy Baylor, ya kai ƙarar kamfanin inshora da ya ƙi biyan kuɗin maganin wani saurayi mai sankarar jini har ya mutu. Ya ci shari'ar, kamfanin ya karye, bai samu ko sisi ba. Marubucin ya san wannan duniyar domin ya zauna a cikinta.

Bayan The Firm na 1991 ya yi kasuwa, aka yi fim ɗinsa da Tom Cruise a 1993, sai ya zama kusan kowace shekara da sabon littafi. A ganina nan ne miyar ta fara tsinkewa, ana ƙara ruwa nama bai ƙaru ba. Dubi The Associate na 2009. Matashin lauya, babban kamfani, wasu ɓoyayyun mutane suna matsa masa, duk mun gani a The Firm. Ka bi shi har shafin ƙarshe, mugun ya sulale, ba a gaya maka ko wa yake yi wa aiki ba. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne The Exchange na 2023. An dawo da Mitch McDeere, jarumin The Firm, bayan an shafe shekara talatin da biyu ana jiransa. An sace wata lauya a Libiya ta zamanin Gaddafi, ana neman kuɗin fansa dala miliyan 100, daga nan sai hawa jirgi, sauka a otal, cin abinci, taron neman kuɗi. Babu shari'ar da za ta hana ka barci. Mu da muka san yadda iyali ke shiga idan an ɗauke musu mutum, mun san labarin bai taɓo wannan ciwon ba.

Wani zai ce ina ruwan mai sayarwa, tunda ana saye. Da ruwansa. A shagona akwai haya da musaya: ka karanta, ka dawo da shi, ka ƙara ɗan wani abu ka ɗauki wani. Don haka ina ganin fuskar mai karatu bayan ya gama. Tsofaffin littattafan sukan dawo a makare, sun sha hannu, domin abokan ɗaki sun karɓa sun karanta. Sababbin sukan dawo da wuri, da lanƙwasar shafi a tsakiya inda aka tsaya. Ɗalibi zai ce, "Baba, wannan kam bai yi ba." Kuɗin abincinsa ya rage ya saya, kuma ni ya tambaya kafin ya ɗauka.

Yanzu na raba kantar gida biyu. Na 1989 zuwa 1996 suna sama, da The Client da The Chamber da The Runaway Jury, su nake miƙa wa sabon shiga. Na sa Sycamore Row na 2013 a cikinsu, domin da ya koma wurin Jake Brigance hannunsa ya dawo. Sauran suna ƙasa, kuma wanda ya ɗauka nakan gaya masa ra'ayina kafin ya biya.

Akwai guda ɗaya da ba na sayarwa, sai haya: The Innocent Man na 2006. Labarin gaskiya ne na Ron Williamson, mutumin garin Ada a Oklahoma, wanda aka yanke wa hukuncin kisa kan laifin da bai yi ba. Saura kwana biyar a kashe shi aka dakatar, gwajin DNA ya wanke shi a 1999. Ba kasafai yake faɗowa a kwali ba, kuma na roƙi dilana na Legas ya ware mini duk kwafin da ya gani, ko da bangonsa ya cire.