Wasiƙa Daga Sifaniya: Haƙƙin Shiga Ƙungiya Ga Ma'aikacin Da Ba Shi Da Takarda

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga kudancin Sifaniya, inda na yi shekaru ina aiki a rumfunan leda da ake noman kayan lambu a yankin Almeriya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro da muka yi aiki tare, wanda ya yi wata biyu yana shiga rumfa tun asuba, zafi na dukansa har rigarsa ta manne masa a baya, amma da ya je karɓar haƙƙinsa sai mai gonar ya ce masa idan yana da ja ya tafi wurin 'yan sanda. Ya san yaron ba shi da takardar zama, ya kuma san ba zai je ba.

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gwamnati ce da na manyan kamfanoni. Wannan kuskure ne da ya daɗe yana cutar da mu. Yarjejeniya ta 87 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1948, ta bai wa ma'aikata damar kafa ƙungiya da shiga cikinta ba tare da wani bambanci ba. A nan Sifaniya, dokar baƙi ta shekarar 2000 ta ɗaure wannan dama da mallakar izinin zama, har sai da Kotun Tsarin Mulki ta rushe sharaɗin a 2007, ta tabbatar wa marasa takarda 'yancin shiga ƙungiya da na yajin aiki. Ba ko'ina lamarin yake haka ba, domin a Saudiyya babu ƙungiyoyin ƙwadago ko kaɗan, kuma ya kamata mai niyyar zuwa can ya san haka tun kafin ya kama hanya.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne masu cin gashin kansu, irin su masu talla da 'yan dako da 'yan aikatau, waɗanda ake ce musu ba su da ubangida, don haka ba su da wanda za su yi ciniki da shi. Haka aka faɗa wa matan Ahmedabad a Indiya lokacin da wata 'yar gwagwarmayar ƙwadago mai suna Ela Bhatt ta jagoranci kafa SEWA, ƙungiyar mata masu cin gashin kansu, a 1972, amma suka dage har aka yi musu rajista, domin dillalin da ke yanka musu farashi da hukumar da ke korarsu daga bakin titi duk abokan tattaunawa ne. Ƙididdigar Hukumar Ƙwadago ta Duniya a 2018 ta nuna mutum biliyan 2 ne ke irin wannan aiki marar rajista. Ƙungiyar da ta bar su a waje, a ganina, ta bar mafi yawan ma'aikata ke nan.

Shi kuwa yaron, mun raka shi ofishin wata ƙungiya, hannunsa na rawa, ya nuna saƙonnin wayar da mai gonar ke kiransa aiki da su. Ba wanda ya tambaye shi fasfo. Ina roƙon duk mai ɗan uwa a waje ya gaya masa ya riƙa rubuta ranakun aikinsa da sa'o'insa, ya kuma adana irin waɗannan saƙonni.

Naku,
Ɗan uwanku a Almeriya