Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Daminar da Barci Ya Ƙaurace Mini

Makon jiya na tsaya a ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, babu nawa a ciki. Shekarata 15. Daga lakkwal har gidanmu a unguwar Bagalam da ƙafa na taka, na ƙi hawan kabu-kabu don kada in isa da wuri.

Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Haka Allah ya so, baɗi ma shekara ce." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da dare abin yake zuwa. Ina kwanciya sai takardar lissafi ta shimfiɗu a gabana, tambaya ta 3, inda na soke amsar daidai na rubuta ta banza. Daga nan sai jakunkunan da Baba ya kashe a kan kaye da littattafai. Sai ƙawata da za ta wuce lise ta bar ni. Sai "me ya sa ni?" Sai kuma tambaya ta 3 ta dawo. Haka zan yi ta saƙa da warwara har a kira asalatu. Akwai akuyarmu da ake ɗaurewa gindin dalbejiya, nakan hango ta a farin wata tana tuƙa. Ita tata tuƙar ƙiba take sa ta, ni kuwa zanena sai da na riƙa ƙara masa ɗauri.

Fura ta daina yi mini daɗi. Aka yi bikin 'yar maƙwabta, ina jin kalangu na ja mayafi na rufe kai. Abin takaicin, yabona aka shiga yi, wai yarinya ta nutsu. Gwaggo ce kaɗai ta ce iska ce, ta kawo rubutu, na shanye.

A daminar ne kuma maigidan Yaya ya kore shi daga wurin gyaran babur, kusa da babbar kasuwa. Shekararsa 17. Shi bai kwanta ba. Fada yake kwana ana dafa shayi, ya dawo ido jajur, magana ɗaya biyu ya hau mutum da faɗa. Ranar da Baba ya tsinci tramol a aljihunsa, dorina ta yi aiki. Ni aka ce natsuwa, shi aka ce iskanci.

Sai bayan shekaru na san sunan abin: ciwon damuwa. Likitoci na duba ko baƙin ciki da fitar sha'awar komai sun kai mako 2 ba sassauci. Ni na fi wata 2. Na kuma karanta cewa kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke a wannan ciwo, amma daga wajen shekara 13 'yan mata ke yin gaba, har su kusa ninka maza. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta nuna cewa yawan tuƙar tunani na cikin dalilan, kuma mata sun fi yin ta. Ban yi mamaki ba. Daka da wanke-wanke hannu suke kamawa, su bar kai yana yawo, ga shi ba inda za ki fita. Namiji yana da ƙofa. Sai dai ƙofar ba ta warkar da Yaya ba, nasa ciwon ta fushi ya ɓullo, kamar yadda yakan yi wa samari da yawa.

Wani dare aka tafka ruwa, wutar lantarki ta ɗauke. Na fito kawar da akuya, sai na ga mutum a zaure, zaune a kan turmi, kai cikin gwiwa.

"Yaya, kai ne?"

"Ke ma ba ki barci?"

Na ce ina fa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kin san abin da mutumin nan ya kira ni gaban yara? Wallahi kowane dare sai na ji shi sau ɗari."

Na zauna a dakali na ba shi labarin tambaya ta 3. Ashe Inna na tsaye bayan ƙyaure da fitila a hannu.

Abin da ta yi da gari ya waye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.