Godiya ga waɗanda suka riƙe mana tabarma

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki.

Mun dawo gida. Daren jiya na kwanta a katifata bayan kwana 35 a asibiti, amma ƙarfe uku na zabura ina laluben robar ruwa, wai zan jiƙa wa ɗana leɓe. Sai na ji minsharinsa ta bayan labule. Na zauna bakin gado na yi ta kuka, ban san na daɗi ne ko na gajiya ba.

Haɗarin da ya same shi da jinyar da muka yi tun 13 ga Maris 2025 kun sani, ba sai na maimaita ba. Yaron nan, da yake ɗan fari ne ba zan kira sunansa ba, yana takawa da sanda, yana cin tuwo, har tsiwarsa ta fara dawowa. Ubangiji ya yi.

Rana ta biyu ce ta ƙi barin zuciyata. Likitoci a asibitin Komfo Anokye na Kumasi suka ce a kawo masu ba da jini mutum huɗu. Abokan aikinsa uku suka zo daga Suame Magazin, unguwar makanikai, baƙin mai bai ma fita daga faratansu ba. Saura ɗaya. Bana kuwa azumi ya haɗe mana, mu muna na kafin Ista, maƙwabtanmu suna Ramadan. Da rana tsaka sai ga Auta, ɗan Hajiya mai koko, ya hawo pragya, keke mai ƙafa uku, tun daga Aboabo. Nas ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce azumi yake. Ta ce ba ta ɗiban jinin wanda cikinsa ba komai. Bai ce uffan ba, ya fita bakin ƙofa ya sayo burodi da ruwan leda. Na riƙe masa hannu na ce, "Auta, kada ka karya azuminka saboda mu." Ya ce, "Mama, azumi ana ramawa. Shi fa in ya tafi, wa zai rama mini shi?"

Hajiya ta ce kada in kuskura in faɗa wa kowa. Hajiya, ki yafe mini, na faɗa. Jinin ɗanki yana yawo a jikin ɗana, ina zan ɓoye wannan?

Akwai kuma abin da ba ku sani ba, gara ku ji daga bakina. Shekara 22 ina cikin zumuntar mata, ni ke ba da waƙa, amma a mako na biyu, da zazzaɓi ya tashi bayan tiyata, addu'a ta ƙafe mini. In buɗe baki, ba komai. Abin da ke raina ɗaya ne: Ubangiji, ka ɗauki ubansa a 2019, yanzu kuma shi? A cikin haka wata mata ta ja ni gefe ta ce wannan haɗari da hannu a ciki, in kawo rigarsa da sidi 800 a kai wani wuri. Ni da ke yi wa mata faɗa kan bin bokaye, ni ce na naɗe rigar na tura a jaka.

Maman 'Yan Biyu ce ta gani, da ta buɗe jakar tana neman cokali. Ba ta yi mini faɗa ba, ko kallon banza. Ta ciro rigar ta ce ta yi datti, za ta wanke. Da dare muna kwance a baranda tare da sauran masu jinya, ta haska fitilar waya ta karanta mini Markus sura 2, mutum huɗun nan da suka ɗauko shanyayye a Kafarnahum, suka rasa hanya saboda taro, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Ta sa yatsa a aya ta 5 ta ce, "Duba da kyau, bangaskiyar wa ya gani? Tasu. Na kan tabarmar bai ce komai ba. Ke kwanta, Yaya, mu za mu riƙe bakin tabarma."

Haka kuwa aka yi. Mata suka raba dare a tsakaninsu, kowace da sa'arta, wata a Asawase, wata a Tafo, wata tana tuyar ƙosai tana yi. Baba Fasto da ya zo bai cika ni da wa'azi ba. Aya guda ya bar mini, Markus 9:24, maganar uban yaron nan marar lafiya: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Ya ce in ita kaɗai zan iya, ta isa. Kwana tara ita kaɗai nake maimaitawa, wani lokaci da fushi. Daga baya na fara buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata, Zabura ta 121, aya ɗaya kowace asuba. Ranar da na kai inda aka ce mai tsaronka ba ya gyangyaɗi, na ce masa to, tunda kai ba ka barci, ni bari in runtsa.

Matan da na taɓa ce wa "ki ƙarfafa bangaskiyarki" kamar ɗaurin zani ne, alhali kuna cikin wuta, ku gafarta mini. Ban sani ba sai da ta ci ni.

Likitoci da nas-nas, musamman 'yar siririyar nan mai aikin dare da ke kirana Mama, Allah ya albarkaci hannuwanku. Masta, da ka biya kuɗin ƙarfen ƙafa inda katin inshora ya tsaya, Allah ya cika garejinka da aiki. Alhaji mai gidanmu, da ka ce kada in ƙara tayar da maganar haya sai yaro ya miƙe, Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Matasan coci da duk wanda ya turo momo, wato kuɗi ta waya, ko sidi 5 ne, Ubangiji ya ninka muku, ya tsare fitarku da shigarku, kada ya nuna muku barandar asibiti sai don barkar haihuwa. Auta, Allah ya raya ka, ya ba ka mace ta gari, ya tayar maka da mai tsaya maka a ranar da ba ka zata ba. Amin, amin.

Dangin mahaifinsa na Akara, na ga saƙonninku, na gode. Na san harkoki sun yi yawa. An dai ce zumunci a ƙafa yake, motar Kumasi kuma kullum tana tashi. Ƙofa a buɗe take, yaron yana tambayar baffanninsa.

Jibi Ista, amma ba zai iya zaman coci ba tukuna. Sujadar godiya sai Lahadi 27 ga Afrilu, daga nan kowa ya wuce gida, Musulmi da Kirista, akwai tuwo da miyar ayoyo. Sannan akwai kulolin abinci huɗu a wurina da na rasa masu su, ɗaya ja ce mai fasasshen murfi. Mai ita ta zo ta karɓa, ina so in ga fuskarta.