Na cire wa Eldorado abin da ya sa take da daraja

Wata huɗu ke nan, amma har yau in na ɗaga ƙofar gareji na ga motar nan sai kwalin nan ya faɗo mini a rai. Kwali ɗaya ne, cike da tsofaffin ƙarafa da wayoyi masu warin fetur. Da bakina na ce wa bakaniken ya zubar.

Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, sana'ata sayen motoci a gwanjo ina lodawa zuwa Kwatano. Toyota da Honda na sani ciki da bai. Ita wannan kuwa sha'awa ce ta kai ni: Cadillac Eldorado ta 1976, mai rufin da ake naɗewa, ja, kujerun fata farare. Wata dattijuwa ce ta sayar mini a wani ƙauye kusa da Dayton, ta mijinta ce da ya rasu, ta shekara tara a rufe. Tsawonta ya kusa mita 6, injinta mai silinda takwas lita 8.2, kuma tayoyin gaba ne ke jan wannan uban nauyi. Guda 14,000 aka ƙera masu buɗaɗɗen rufi a shekarar, aka yi ta tallarsu a matsayin na ƙarshe da Amurka za ta yi, har mutane suka riƙa saye suna ɓoyewa. Da Cadillac ta dawo da irinsu a 1984 wasu masu su har kotu suka je. Duk wannan na karanta kafin in biya kuɗi. Abin da ke ƙarƙashin bonet ne ban tsaya na karanta ba.

Ta tashi, amma tana shaƙewa, tana mutuwa in ta yi zafi, ga warin mai. Na kai ta wurin wani bakanike da nake hulɗa da shi. Ya leƙa ya ce wannan ba kafireta gare ta ba, wani tsohon tsarin nozul ne mai fesa mai cikin inji da ba wanda ke taɓawa yanzu, kuma yoyon man nan yana iya cinna mata wuta. Shawararsa a cire duka, a sa manifol (bututun da ke shigar da iska da mai cikin inji) da kafireta irin na sauran. Na ce to. Ya tambaye ni kayan da aka cire fa? Na ce me zan yi da su. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Kuma gaskiya motar ta gyaru. Na yi bazara guda ina yawo da iyali a cikinta ran Lahadi, mutane na ɗaga mana hannu a hanya.

Da na sa ta a kasuwa, wani dattijo ya kira daga Michigan, ya tambaye ni ko alamar tsarin nozul da ya gani a hoton motar ta asali ce. Na ce ban taɓa ta ba. Washegari ya tuƙo awa huɗu da tirela a bayan motarsa, da niyyar ya tafi da ita. Bai duba fenti ba, bai duba kujeru ba. Bonet ya buɗe, ya cire murfin matatar iska, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Ina kayan?"

A tsaye a nan ya yi mini karatun da ya kamata in yi tun farko. Tsarin na kamfanin Bendix ne, zaɓi ne da mai saye ke ƙara kuɗi a kamfani a saka masa, kuma a 1975 da 1976 kaɗai aka haɗa shi da wannan babban inji, domin daga 1977 an rage girmansa. Mai kafireta ƙarfin doki 190 take bayarwa, wannan 215. Nozul takwas ne da ke feshi huɗu-huɗu, famfon mai biyu, ɗaya a cikin tanki ɗaya a waje, da wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai sarrafa feshin a akwatin ƙarfe. Kaɗan ne suka saya, kuma da yawa daga cikinsu an yi musu abin da na yi. Shi ya sa wadda ta rage da nata kayan ake nemanta ruwa a jallo. Abin da ya fi ci mini rai, ya ce yoyon nan yawanci robobin bakin nozul ne suka bushe, mutuwar da take yi kuma mai yiwuwa na'urar auna zafin ruwa ce. Abin da bai taka kara ya karya ba. Har ƙwaƙwalwar akwai masu gyara ta.

Bai ma taya ba. Ya ce da kwalin yana nan da mun daidaita, ko ba a mayar ba. Ya koma da tirelarsa wayam.

Ban jira gari ya waye ba na kira bakaniken. Ya ce tun makon da aka gama aiki mai sayen tsohon ƙarfe ya kwashe. Ina jin haushinsa, domin mai sana'a ya kamata ya ce mini wannan ba aikinsa ba ne, in nemi wanda ya iya. Amma shi ya tambaye ni, ni na amsa.

Mu da muka saba da motocin lodi, tunaninmu ɗaya ne: ta tashi, ta yi tafiya, shi ke nan. Masu sayen tsofaffin motoci a nan ba tafiya suke saye ba, yadda ta fito daga masana'anta a Detroit suke biya. Duk wanda irin wannan ta faɗo hannunsa, kada ya bari a kwance ko noti ɗaya sai ya nemi ƙungiyar masu Cadillac ya tura musu hoton injin. In kuma dole a cire, a sa a kwali, a rubuta, a ajiye a but. Wuri nawa zai ci?

Na janye tallar. Zuwa yanzu na samo manifol da nozul shida daga wani a Indiana, kuɗinsu ya riga ya wuce abin da na biya na aikin kafiretar gaba ɗaya. Saura nozul biyu, da wayoyin, da ƙwaƙwalwar.