Masu albashi sun tafi, masu bashi suka rage

Duk sanda aka tashi zancen mutuwar ciniki a cikin birnin Kano, sai ka ji an ce ai manyan kantuna ne suka kwashe jama'a. Ni dai ban ga jama'ar da aka kwashe ba. Ka biyo ta Jakara zuwa bakin kasuwar Kurmi da hantsi, sai ka yi da gaske za ka samu wurin sa ƙafa. Waɗanda suka tafi masu albashi ne, mutanen da ke zuwa ƙarshen wata da kuɗinsu a aljihu.

Kawuna ɗan tireda ne, shagonsa ba nisa da kasuwar. A da, da zarar an yi albashi sai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati su yi ta zuwa, wannan buhun shinkafa, wancan katan ɗin taliya da galan ɗin mai. Da kuɗinsu yake komawa kasuwar Singa ya yi sari, da su kuma yake iya ɗaga wa maƙwabta ƙafa. Mai sayen gwangwanin sukari da sabulu ɗaya, wadda za ta aiko yaro a ce "in ji Umma a rubuta", ribar masu buhu ce take ɗauke da ita, ko da ba ta sani ba.

Da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014, da Shoprite a ciki, mutane suka riƙa zuwa kallo da ɗaukar hoto, musamman da sallah. Kawu bai damu ba. Cewa yake, wanda ba ya taya, ba ya sallamawa, ba ya yin gyara, ina zai iya da Bakano? Ta wani ɓangaren ya yi gaskiya, tunda a Janairun 2024 Shoprite ta rufe reshenta na Kano. Sai dai masu buhun ba su dawo wurinsa ba. Sun riga sun saba da wurin ajiye mota, da sanyin esi, da farashi a manne jikin kaya, ga kuma kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu, da ƙanana da ke ta ɓullowa a sababbin unguwanni.

Ban ga laifinsu ba, don ni ma na kan je. Tun da aka hana acaɓa a 2013 shiga lungunan cikin gari da kaya ya zama aiki. A Daidaita Sahu zai sauke ka a bakin titi, sauran kuma kai da ɗan dako. Da damina ga caɓi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuwa, kanti na karɓar kati ba gardama, shi kuma kawu sai aron asusun ɗansa yake yi, a tsaya ana jiran alat.

Kurmi kam tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15, kuma masu fata da turare da kayan gargajiya suna da abin da kanti ba zai iya jerawa a kanta ba. 'Yan tiredan da ke kewaye da ita ne ba su da wannan gatan, domin madarar da ke shagonsu ita ce a kanti.

Yanzu littafin bashin kawu ya kai biyu. Ya daina sarin buhu, sai rabi, wani lokacin ma kwano-kwano. Na ba shi shawarar ya rage bayar da bashin, sai ya dube ni ya ce, "To ɗan nan, in na hana su, wa zan sayar wa?" Rabin shagon ya ba wani mai POS haya, da kuɗin yake biyan wuta da na mai gadi.